Darasin Wannan Wata: Jirgin da Ya Nutse Ya Zama Gonar Mutanen Tulamben

A ƙasar Indunusiya akwai wani tsibiri mai suna Bali. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Indunusiya tana nahiyar Asiya, kuma tsibiranta sun haura 17,000. Alhazai sun san mutanen wannan ƙasa, domin suna haɗuwa da su a Makka kowace shekara.

A arewa maso gabashin Bali akwai wani ƙauye a bakin teku, ana kiran sa Tulamben. Daga Denpasar, babban birnin tsibirin, tafiyar kimanin awa uku ce a mota. Ƙasar ƙauyen busasshiya ce, ga duwatsu. Ruwan sama ba ya wadatar ta kamar sauran sassan tsibirin. A da, kamun kifi da ɗan noma ne sana'ar mutanen wurin.

Yanzu kuwa baƙi suna zuwa Tulamben daga ƙasashe masu nisa. Ba gona suke zuwa gani ba, ba kuma kasuwa ba. Wani tsohon jirgin ruwa ne da ke kwance a ƙarƙashin teku yake kawo su. Wannan darasi zai bayyana yadda jirgin ya nutse, da yadda mutum yake shiga ƙarƙashin ruwa ya fito lafiya, da kuma yadda mutanen ƙauyen suke cin abinci daga jirgin ba tare da sun ɓata shi ba.

Labarin Jirgin

Sunan jirgin Liberty. An ƙera shi a Amurka a shekarar 1918 don ɗaukar kaya. Tsawonsa ya kai mita 125, wato ya fi filin ƙwallo tsawo.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila, sojojin Amurka ne suke aiki da shi. Ranar 11 ga Janairu, 1942, yana tafe kusa da Bali ɗauke da ƙarafunan layin dogo da roba, sai wani jirgin yaƙin Japan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbe shi. Ruwa ya fara shiga ciki.

Jiragen yaƙi biyu, ɗaya na Amurka ɗaya na Holan, suka ɗaure shi suna jan sa zuwa tashar Singaraja don a gyara shi. Amma ruwan da ke shiga ya yi yawa. Da aka ga ba zai kai ba, sai aka tura shi gaɓar Tulamben don a kwashe kayan da ke ciki. Nan aka bar shi, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, har shekara 21.

A bayan ƙauyen akwai wani babban dutse mai aman wuta, sunansa Agung. A shekarar 1963 dutsen ya yi aman wuta mai tsanani. Mutane fiye da 1,000 suka rasu. Ƙasa ta yi ta girgiza, har jirgin ya zame daga gaɓa ya gangara cikin teku. Can yake kwance a gefensa har yau. Ɓangarensa na sama bai kai mita 10 daga saman ruwa ba. Na ƙasa kuwa yana zurfin kimanin mita 30. Wanda ya saba da awon rijiya zai gane haka: mita 10 kimanin gaba biyar da rabi ne, mita 30 kuwa ya haura gaba goma sha shida.

Abin da ya bambanta wannan jirgi da sauran jiragen da suka nutse shi ne kusancinsa da gaɓa. Ba sai an hau kwalekwale ba. Mutum zai taka da ƙafarsa ya shiga ruwa, ya ɗan yi ninƙaya, sai ga shi a kansa.

Mene Ne Murjani?

Da jirgin ya zauna cikin ruwa, sai murjani ya fara kama jikinsa.

Mata sun san murjani a matsayin jan dutsen ado da ake sawa a wuya ko a hannu. Asalinsa daga teku ake samo shi. Murjani iri-iri ne. Akwai na ado, akwai kuma wanda yake yin manyan gine-gine a ƙarƙashin ruwa. Wannan na biyu shi ne ya yi yawa a tekun Bali.

Wanda ya ga murjani zai ɗauka dutse ne ko tsiro. Ba haka ba ne. Wasu ƙananan halittu ne masu rai, yawancinsu ba su wuce ƙwayar dawa girma ba. Kowace tana gina wa kanta ɗaki mai tauri da wani sinadari irin na farar ƙasa da take tsotsowa daga ruwan teku. Idan ta mutu sai ɗakin ya rage, wasu su yi gini a kansa. Kamar dai yadda gara take gina shuri, kaɗan-kaɗan har ya fi mutum tsawo.

Ginin murjani yana da nawa ƙwarai. Mai kama da dunƙulen dutse yakan ƙaru da kimanin santimita ɗaya a shekara, wato faɗin farce. Mai rassa kamar itace yakan kai santimita 10 a shekara. Saboda haka reshen da mutum ya karya da ƙafa cikin ƙiftawar ido, aikin shekaru ne.

A cikin jikin waɗannan halittu akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani. Su ne suke amfani da hasken rana su haɗa abinci, murjani ya ci. Su ne kuma suke ba shi launi. Wannan ya sa irin wannan murjani yake son ruwa mai ɗumi, mai tsabta, marar zurfi sosai, inda hasken rana yake isa.

Amfanin murjani yana da yawa. Wurin da ya mamaye bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba. Duk da haka, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsa. A nan kifi yake ɓuya, a nan yake cin abinci, a nan ƙanana suke girma. Yana kuma rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, don kada ta cinye ƙasa.

Haka jirgin Liberty ya koma gidan kifi. Da wuya a ga ƙarfensa, domin murjani da sauran halittu sun lulluɓe shi. Akwai kifaye masu ratsi-ratsi, da masu baki irin na aku, da kunkurun teku. Hausawa sun ce faɗuwar wani tashin wani.

Kayan Mai Nutso

Masunta a koguna suna yin nutso da numfashi ɗaya. Minti ɗaya ko biyu, sai su taso. Mai son zagaya jirgi mai tsawon mita 125 yana buƙatar ya fi haka daɗewa. Dole ya tafi da iskarsa.

A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan aiki. Irinta ake amfani da ita har yau. Ga kayan da mai nutso yake sawa:

1. Tukunyar iska. Doguwar tukunya ce ta ƙarfe da ake goyawa a baya. Iskar da kowa yake shaƙa ce ake tacewa a ɗura a ciki da inji. Ana matsa ta har ta ninka ta waje sau 200. Nauyin tukunyar yakan kai kilo 15.

2. Bututun numfashi. Tiyo ne da ya taso daga tukunya zuwa baki. Shi yake rage ƙarfin iskar, ya ba mutum daidai abin da ya ja.

3. Tabaran ruwa. Gilashi ne da yake rufe ido da hanci. In babu shi, ido ba ya gani sosai a cikin ruwa.

4. Takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, don tura ruwa.

5. Falmaran mai cin iska. In an ƙara mata iska mutum ya yi sama, in an rage ya yi ƙasa.

6. Ɗamara mai dalma, don jiki ya yarda ya nutse.

7. Agogo. Ɗaya yana nuna iskar da ta rage a tukunya. Ɗaya yana nuna zurfi da lokaci.

Tukunya ɗaya takan kai mutum minti 45 zuwa awa ɗaya, idan bai yi zurfi sosai ba.

Nauyin Ruwa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya san ruwa yana da nauyi. Mai nutso kuwa ruwan da ke samansa duka yana danne shi. Wannan shi ake kira matsi. Sanin matsi shi ne tushen wannan sana'a.

A bakin teku, iskar sararin sama tana danne kowa, sai dai jiki ya saba. A kira wannan matsi ɗaya. Duk mita 10 da mutum ya sauka cikin teku, ana ƙara masa ɗaya:

A saman ruwa, matsi 1.
A mita 10, matsi 2.
A mita 20, matsi 3.
A mita 30, matsi 4.

Matsi yana tsuke iska. Idan aka hura balan-balan aka kai ta mita 10, iskar cikinta za ta koma rabi. A mita 30 za ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kuma aka hura ta a can ƙasa aka sake ta, za ta yi ta kumbura tana tasowa har ta fashe.

Huhun mutum kamar balan-balan yake. Idan mai nutso ya cika huhunsa a ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta yaga huhun. Wannan yana kisa. Shi ya sa doka ta farko ita ce kada a taɓa riƙe numfashi.

Kunne ma yana jin matsi. Mai sauka yakan toshe hancinsa da yatsu ya ɗan hura a hankali, har ya ji kunnen ya buɗe. Mai mura ba ya nutso, domin kunnensa ba zai buɗe ba.

Har wa yau, a mita 30 mutum yana shan iska ninki huɗu na abin da yake sha a sama. Wato tukunya tana saurin ƙarewa a wuri mai zurfi.

Misalin Kwalbar Lemo

Akwai wani haɗari da ya fi ɓoyuwa. Iskar da ake shaƙa haɗi ce. Kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda jiki yake aiki da ita. Kashi 78 naitirojin ce, wadda take shiga ta fita kawai. Amma a ƙarƙashin ruwa matsi yana tura naitirojin cikin jini da tsoka, ta narke a ciki. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawanta.

A duba kwalbar lemo. Tana rufe, ba a ganin kumfa. In an buɗe ta a hankali, iskar za ta fice ba tare da ɓarna ba. In an fizge murfin da sauri, sai kumfa ya taso. Haka jinin mai nutso yake. In ya taso a hankali, naitirojin za ta fita ta numfashi. In ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a cikin jini da gaɓoɓi.

Alamun wannan ciwo su ne ciwon gaɓoɓi, da jiri, da kasala, da mutuwar hannu ko ƙafa. Yana iya shanye jiki, yana iya kisa. Maganinsa shi ne a ba mutum oksijin zalla, a hanzarta kai shi asibitin da ke da wani ɗaki na ƙarfe. A cikin ɗakin ana mayar masa da matsi, sa'an nan a riƙa ragewa sannu a hankali. Akwai irin wannan ɗaki a Denpasar, amma tafiyar awa uku ba wasa ba ce ga marar lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Dokokin Nutso

Ba a ba mutum tukunya haka kawai. Sai ya yi kwas na kwana uku ko huɗu a hannun malami. Zai yi karatu, ya yi gwaji a ruwa marar zurfi, ya ci jarrabawa, sa'an nan a ba shi katin shaida. Wanda bai yi kwas ba, iyakarsa ɗan gwaji a wuri marar zurfi, malami yana riƙe da shi. Ga manyan dokokin:

1. Kada a riƙe numfashi.

2. Kada a shiga ruwa ba abokin tafiya. Idan iskar ɗaya ta ƙare, ɗayan zai miƙa masa bututunsa na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Sabon shiga ba ya wuce mita 18. Mai nutso don yawon buɗe ido, ko ya ƙware, ba ya wuce mita 40.

4. A taso a hankali. Da an iso mita 5, a tsaya minti uku kafin a fito. Sannu ba ta hana zuwa.

5. A riƙa duba agogo. A juyo tun da sauran iska a tukunya.

6. Kada a shiga lungun jirgi mai duhu sai da horo na musamman. Ƙarfe ya yi tsatsa, yana yanka, yana kuma iya ruftawa.

7. Wanda ya yi nutso kada ya hau jirgin sama sai ya huta. Yawanci ana ba da shawarar kwana ɗaya cur.

Ba a iya magana a cikin ruwa, saboda haka da hannu ake zance. Idan mutum ya haɗa babban yatsa da manuniya suka yi zobe, yana nufin lafiya lau. Idan ya ɗaga babban yatsa sama, yana nufin a fita. Da ɗaya ya ce a fita, ba musu, sai a fita.

Abin da Ƙauye Yake Samu

Gaɓar Tulamben ba rairayi ba ce mai laushi. Baƙaƙen duwatsu ne mulmulallu, masu santsi. Baƙo da kaya masu nauyi ba ya iya tafiya a kansu. Mutanen ƙauye, musamman mata, su ne suke ɗaukar tukwanen iska a ka, da gammo, daga inda mota ta tsaya zuwa bakin ruwa. Wasu sukan ɗora biyu a lokaci ɗaya. Sun haɗa kansu cikin ƙungiya, kuma akwai kuɗin da aka tsayar na ɗaukar kaya. Wannan ya hana rububi da karya farashi.

Samari da yawa sun koyi nutso, sun zama 'yan jagora. Wasu suna ɗura iska a tukwane. Wasu direbobi ne. Wasu sun buɗe masauki da wurin sayar da abinci.

Mutanen ƙauyen sun gane cewa ba tsohon ƙarfe baƙi suke biyan kuɗi su gani ba. Kifi da murjani suke so. Don haka suka hana kamun kifi a kewayen jirgin. Kifin da aka kama sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka bari da rai kuwa, yau a zo kallonsa, gobe ma a zo.

Abubuwan da Ke Barazana

Wannan arziki yana iya gushewa. Abubuwa huɗu ne suke yi masa barazana.

Na farko, zafin teku. Idan ruwa ya ƙara ɗumi da digiri ɗaya kacal a kan yadda ya saba a lokacin zafi, ya kuma daɗe haka makonni, murjani yakan kori ƙwayoyin tsiron da ke ciyar da shi. Sai ya yi fari fat kamar ƙashi. In ruwan ya huce da wuri, yakan farfaɗo. In ba haka ba, yunwa ta kashe shi. An ga haka a tekuna da yawa na duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, da kuma 2023 zuwa 2024. Ɗumamar yanayin duniya ce take jawo shi.

Na biyu, mugun kamun kifi. A wasu sassan Indunusiya masunta sun yi ta jefa nakiya ko zuba guba a ruwa. Kifi ya mutu babba da ƙarami, murjani ya ragargaje. Dokar ƙasar ta haramta wannan. Daidai yake da wanda ya zuba guba a kogi: ya cika kwando yau, ya bar 'ya'yansa da yunwa gobe.

Na uku, baƙin kansu. Idan mutane suka yi yawa a kan jirgi, wani zai taka murjani, wani zai dafa, wani ya so ɓallar ɗan guntu ya kai gida tsaraba. Shi ya sa 'yan jagora suke gargaɗi tun a gaɓa: a kalla da ido, kada a taɓa, kada a ɗauki kome. Ledoji da robobin da ruwan sama yake kwasowa daga gari su ma suna shaƙe murjani.

Na huɗu, dogaro da sana'a ɗaya. A shekarar 2017 dutsen Agung ya sake motsi. An kwashe mutane fiye da 100,000 daga ƙauyukan da ke kewaye da shi, baƙi suka ɗauke ƙafa. A 2020 kuma annobar korona ta rufe hanya, ba mai zuwa Bali. Masu ɗaukar tukwane da 'yan jagora suka zauna ba aiki. Gona da kamun kifi ne mutane da yawa a tsibirin suka koma wa.

Shi kansa jirgin ba zai dawwama ba. Gishirin teku yana cin ƙarfe, wasu sassansa sun riga sun rufta. Wata rana zai zama tarin tsatsa. Amma in an kiyaye murjanin da ya kama wurin, kifi ba zai watse ba, kuma 'ya'yan masu ɗaukar tukwane za su gaji abin yi.

Sababbin Kalmomi

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.
Gaɓa: bakin teku ko kogi.
Matsi: dannawar da iska ko ruwa yake yi wa jiki.
Oksijin: ɓangaren iska da jiki yake aiki da shi.
Naitirojin: ɓangaren iska mafi yawa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka harbi jirgin Liberty? A wace shekara ya gangara cikin teku?
2. Murjani dutse ne, ko tsiro, ko halitta mai rai? A yi bayani.
3. Me ya sa ba a riƙe numfashi a lokacin tasowa?
4. Me ya sa mutanen Tulamben suka hana kamun kifi kusa da jirgin?

Lissafi

1. An ƙera jirgin a 1918, ya nutse a 1963. Shekara nawa ke nan?
2. Mace ɗaya ta ɗauki tukunya biyu, kowace kilo 15. Kilo nawa ta ɗauka?
3. Murjani yana ƙaruwa da santimita 1 a shekara. Shekara nawa zai yi kafin ya kai santimita 50?

Aikin Aji

Ɗalibai su zauna da malaminsu su ambaci abu ɗaya da garinsu yake ci daga gare shi, kamar tafki, ko fadama, ko kurmi. Su faɗi abin da yake ɓata shi, da dokar da ta dace a kafa don ya ɗore. Kowa ya rubuta jimla biyar a kai, ya kawo ranar da za a dawo aji.